Igiyar Tuwo

'Ya'yana, na san abin da kuke ji a gari. Wasu na cewa tsige ni aka yi daga riƙon igiya, wasu na cewa kuɗin yasa na ci aka rufa mini asiri saboda darajar mahaifina. Rannan har jikata Sa'adatu ta dawo daga makaranta tana sharɓar kuka, wai an kira ta jikar ɓarawo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tun idona yana iya rabe baƙi da fari. Ban ci ko kwabon kowa ba. Abin da na yi ya fi cin kuɗi muni, kuma masu shafa mini kashin kaji a yau, hannuwansu na sama tare da nawa ranar da aka yi abin.

Ku da kuka tashi kuka tarar da ruwa yana gudu tsakiyar rani, kuna tsammani haka wurin yake tun fil azal. Ba haka ba ne. 'Yar magudanar da ke shayar da layin gonakinmu daga babban kanal, wato uwar hanyar ruwan, take ɓallewa, ta bi ta bakin gonaki ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, wurin da muke kira wutsiya. Damina na ɗaukewa sai ka tarar ta cika da laka da kacala, ciyawar nan mai taurin kai da ke toshe ruwa, dole a yashe ta kafin a fara noman rani. Da can gayya ake yi. Da samari suka fara watsewa birni, sai aka koma haɗa kuɗi a ɗauki 'yan ƙwadago, shi ne kuɗin yasa. Abin da ke faɗa wa kowa rabonsa kuwa igiya ce, ta rama, gaba ashirin, mahaifina ya tufka ta da hannunsa. Gonakin duk zurfinsu ɗaya tun da aka yanka su, don haka bakin gona kawai ake aunawa. Da ya rasu igiyar ta dawo hannuna, tare da makarantar Islamiyyar da ya bari a zaure.

Awon yana da ƙa'ida biyu, kuma su ne dukan labarin nan. Ta farko, in na zo bakin gonarka na shimfiɗa igiya karon farko, ba na cewa ɗaya. Sai in ɗaga murya in ce, "Ta tuwo!" Wannan ba a biyan komai a kanta, domin ita ke ciyar da gida. Daga ta biyu ake fara ƙirga. Ta biyu kuma, masu gonakin kan ruwa, waɗanda ke sha kafin kowa ya sha, kowace igiyarsu ɗaya, biyu ake lissafa ta. Babu inda aka rubuta wannan. Tsofaffi ne suka zauna suka ga haka ya dace, kuma har na yi furfura ban taɓa jin wanda ya ce an zalunce shi ba.

A wutsiya, gefen tawa gonar, akwai ta Bitrus. Daga wajen Filato ya zo tun yana saurayi, lebura a aikin haƙa kanal, aikin ya ƙare shi bai koma ba. Ya yi shekaru yana hayar gona kafin ya tara abin da ya sayi tasa, igiya ɗaya da taku bakwai. Taku bakwai ɗin nan kullum sai ya tsokane ni a kansu, yana cewa in ja igiyar da kyau ko za ta haɗiye su. Tumatir yake yi da albasa, kuma babu mai hannun tumatir irinsa a layin. Ran Lahadi in zagayen ban ruwa ya zo kansa yana coci, ni nake buɗe masa. Ran Juma'a shi yake buɗe mini. Matarsa Saratu ita ta kwana uku a gidanmu lokacin da mahaifiyarku Hajara ta haifi Aminu da wahala. Ku tambayi Aminu wa ya fara ɗaukarsa a duniya.

Shekarar da nake magana a kai ita ce lokacin da wayar hannu ta fara shigo mana, acaɓa kuma ya ɗebe hankalin samari. Ƙanena Hamisu, da mace da 'ya'ya biyu, ya ƙudura sai ya tafi Legas. Tsohuwarmu tana raye a lokacin, kullum sai ta kira ni ta ce in hana shi. Da me zan hana shi? Gonar gado ba ta isa gida biyu. Ana cikin haka Nasiru ya gama jami'a ya dawo. Nasiru ɗan Alhaji Mamuda ne, mai gonakin kan ruwa kaf, wanda in na fara auna masa da hantsi sai rana ta take ban gama ba. Yaron a zaurena ya koyi alif da ba, to ranar nan ya zo da takarda a ninke a aljihu ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum.

"Baba Malam, tambaya na zo da ita. Igiyar Alhaji da igiyar wani, ba tsawonsu ɗaya ba?"

Na ce ɗaya ne mana.

"To me ya sa tasa take biyu, ta wani kuma take kyauta? Laifi ne mutum ya yi ƙoƙari ya samu? Yanzu duniya ta bar wannan. Filat ret ake yi, wato bai-ɗaya. Igiya ɗaya, kuɗi ɗaya, kowa da kowa. Ba babba ba yaro."

Wallahi maganar ta yi daɗi a kunne. Ba babba ba yaro, wa zai ƙi wannan? Kuma gaskiya ce Alhaji shi ke ɗauke da mafi nauyin kuɗin yasa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yaron ya ci gaba, ya ce in aka sauke wa mahaifinsa nauyin nan, abin da ya rage a hannunsa ba a ƙarƙashin katifa zai kwana ba. Zai faɗaɗa noma, kuma gona in ta faɗaɗa hannuwa take nema, masu dashe, masu cire ciyawa, masu yanka, masu ɗauka. Samarin da ke gudu birni za su zauna. Sannan ya rage murya ya ce Alhaji yana neman amintaccen mutum da zai riƙa duba 'yan aiki, kuma Kawu Hamisu ne ya zo masa a rai. Nan ya kama ni. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ni da nake karanta wa yara wannan, ni na fara miƙa wuya.

Da na shiga gida na tarar da Hajara tana tankaɗe. Ku da kuka san mahaifiyarku kun san ba ta tauna magana. Ta saurare ni har na gama, rariya ba ta tsaya a hannunta ba.

"Malam, ka taɓa ganin wanda ya ɗauki ɗan aiki don kuɗi sun yi masa yawa?"

Na ce ba ta gane ba ne, abin na masu ilimin tattali ne.

"Na ji. Ni dai da nake turara shinkafa, ranar da na ci riba ba na kiran Ladidi 'yar aikatau ta taya ni, zane nake saya. Ranar da buhu ya fi ƙarfina nake kiranta, ko da riba ko babu. Aiki ke kiran ɗan aiki."

Na ce gona daban, tukunya daban.

"To Allah ya sa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya shekara ashirin bai tuna da Hamisu ba, yau ya tuna."

Na yi tsaki na fita zaure. Har yau in na tuna tsakin nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Aka sa taro washegarin kasuwar Bunkure, bayan la'asar, gindin mangwaron da ke bakin ƙofar ruwa. Sarkin Noma ya zauna a kujera, mu muka baje a tabarma. Samari sun cika wurin maƙil, don labarin aiki ya riga ya zaga gari. Nasiru ya miƙe da takardarsa ya yi bayani mai kyau, yana jefa Turanci nan da can, mutane na gyaɗa kai kamar sun gane. Ya ce ko manyan ƙasashe yanzu abin da suke muhawara ke nan a kan haraji, a rage wa mai jari domin ya buɗe ayyuka. Ya ce abin da za a ƙara wa ƙananan manoma bai taka kara ya karya ba, kuɗin kwandon tumatir ne ƙwaya ɗaya. Alhaji Mamuda bai yi doguwar magana ba. Ya dafa ƙirji ya ce shi dai ya yi alkawari zai faɗaɗa gona. Aka yi ta tafi. Tafin bai gama lafawa ba Bitrus ya miƙe daga baya, da hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe Sarkin Noma, ni ba na ƙin biyan kwandon tumatir. Tambayata ɗaya ce. In an cire ninkin kan ruwa, abin da mu ƙanana za mu ƙara zai cike gurbin?"

Nasiru ya ce bana dai zai ɗan gaza, amma in noma ya bunƙasa zai cike har ya yi rara.

"To bana fa? Yasa daga kai ake farawa. In kuɗi suka ƙare a tsakiya, magudana ba ta san alkawari ba. Igiya tsawonta ɗaya, haka ne. Amma ruwan da ke bin ta a kai da wanda ke bin ta a wutsiya ba ɗaya ba ne. Shi ya sa tsofaffi suka ninka."

Na ga wasu 'yan wutsiya sun fara kallon juna. Sai Bitrus ya juyo ya dube ni, yana ɗan murmushi, irin na mutumin da ya tabbata yana da mai goyon baya.

"Malam, kai ka taɓa gaya mini a bakin gona cewa ko zakka ba a fitarwa sai abu ya kai nisabi. Ashe igiyar tuwo ba irin wannan ba ce?"

Ita ce mana. Na san ita ce. Na san mahaifina daga can ya ɗauko tunanin, don ya sha faɗa mini. Kalma ɗaya da na ce a wurin da taron ya juya, domin a lokacin in na yi magana ana ji. Amma na hango Hamisu a cikin samari yana kallona, na hango Alhaji yana jan carbi. Wani daga gefe ya yi guna-guni wai me ya haɗa wannan da zakka. Maimakon in tsawata masa, sai na buɗe baki na ce:

"Bitrus, zakka daban, kuɗin yasa daban. Ka bar abin da ba ka sani ba."

Aka yi dariya. Mutumin da ke buɗe mini ruwa ran Juma'a, na sa aka yi masa dariya a gaban 'ya'yansa. Ya mayar da hularsa ya zauna. Sarkin Noma ya ce a ɗaga hannu. Nawa ya riga na kowa tashi, sauran suka bi kamar awaki sun ga dusa. Har 'yan wutsiya suka ɗaga, don kowa yana da ɗan da yake so a ɗauka aiki. Hannun Bitrus kaɗai ya zauna a kan gwiwarsa.

Abin da ya faɗa shi ya faru, babu ragi babu ƙari. Na zaga na yi awo ina cewa ɗaya a inda na saba cewa ta tuwo, bakina har yana harɗewa. Aka haɗa kuɗi suka gaza. 'Yan ƙwadago suka fara daga kai, suka yi ta tafiya har gindin tsamiyar da ke tsakiyar layi, can suka saɓa shebur suka ce iyakar kuɗinsu ke nan. Daga tsamiya zuwa wutsiya akwai sauran tafiya mai nisa. Muka je wurin mutanen kan ruwa, suka ce su sun biya nasu daidai da kowa, ai adalcin da aka nema ke nan. Mu 'yan wutsiya muka shiga da lauje da fartanya, amma me tsofaffi biyar za su yi da kacalar da ta fi mutum tsawo? Ka yanke yau, mako ya zagayo ta tofo. Ruwa in ya zo kanmu sai ya iso kamar an tsiyayo daga buta. Ni alkama na shuka, ta yi haƙuri ta ba da rabi, kuma ina da makaranta da ke rufa mini asiri. Tumatir ba ya haƙuri. Na Bitrus yana tsakiyar fure ruwa ya yanke, furen ya zube ƙasa, ganye ya naɗe. Na gan shi da Saratu suna ɗebo ruwa a bokiti tun daga tsamiya, suna zuba wa tushe ɗaya-ɗaya. Duk da haka ran Juma'a sai in tarar ya buɗe mini ɗan abin da ya iso.

Ayyukan fa? Yauwa, ku tambaya. Abin da aka sauke wa Alhaji ya haɗa da nasa ya sayo injin ban ruwa, ya jefa tiyo a babban kanal, ya daina damuwa da magudana gaba ɗaya. Damina ta zo ya sayo tankunan feshi da maganin ciyawa. Matan da suka saba cire masa ciyawa kowace shekara, har da Ladidi, suka je aka ce bana an hutar da su. Shinkafar ma bai dasa ba, watsa iri ya yi. Mutum biyu na san ya ɗauka, mai gadin inji da mai goya tanki, dukansu 'yan uwan matarsa. Hamisu ya yi ta zarya ana ce masa gobe, jibi, bayan salla, har ya gaji ya sayar da akuyoyin matarsa ya hau mota. A Legas yake da tsohuwarmu ta rasu, bai samu jana'izarta ba.

Ban ce Alhaji ɓarawo ne ba. Mutum ne da ya yi da kuɗinsa abin da ya fi masa riba, kamar yadda Hajara ta faɗa tana tankaɗe. Mu ne wawayen da muka sayar da ƙa'idar da ke hannunmu muka sayi romon baka. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da shekara ta zagayo na miƙe a gindin mangwaron nan na ce mun yi kuskure, a mayar da igiyar tuwo. Nasiru, wanda a lokacin ya samu aiki a birni yana zuwa ne ƙarshen mako, ya ce tsari irin wannan sai an ba shi lokaci. Lokaci! Tumatir ne zai ba shi lokaci ko cikin yara? Mutanen tsakiyar layi, da ruwa ke isa gare su, suka sunkuyar da kai. Na juya na ce wa Alhaji, ina ayyukan da aka yi mana alkawari?

"Malam, ni cewa na yi zan faɗaɗa gona," in ji shi, ko a jikinsa. "Kuma ina kan faɗaɗawa, in sha Allahu."

Ban gane abin da yake nufi ba sai bayan kwana goma, da Sarkin Noma ya aiko a ce in zo da igiya. A wurinmu ba a cinikin gona sai mai igiya ya auna a gaban shaidu. Na tambayi ɗan aike gonar wa. Ya ce ta Bitrus, Alhaji ne zai saya. Ba zai iya sake zuba iri da taki a wurin da ruwa ba ya zuwa ba, ƙaninsa ya ce ya komo gida su yi dankali tare.

Na tafi da hantsi. Alhaji na tsaye da shaidu a inuwa. Bitrus ya zo ya gaishe ni kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, ya tambayi Hajara da yara, sannan ya karɓi bakin igiyar ya tafi da shi kamar yadda ya saba kowace shekara. Na durƙusa na danne nawa bakin a kan iyaka. Igiyar ta miƙe a kan busasshiyar ƙasa, kusa da magudanar da kacala ta cinye. Ban san lokacin da bakina ya koma tsohuwar hanya ba, sai kawai na ji muryata ta fita da ƙarfi:

"Ta tuwo!"

Shaidu suka dubi juna. Bitrus ya ɗago daga can ƙarshen igiyar, ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"A'a, Malam," in ji shi. "Ce ɗaya. Kuma ja ta da kyau, kada a cuci Alhaji."

Na ce ɗaya. Na taka taku bakwai ɗin da ƙafata, ina ƙirgawa hawaye na zuba a gemuna, a gaban kowa. Da aka gama na naɗe igiyar, ban biya gida ba, na wuce kai tsaye ƙofar Sarkin Noma na ajiye ta a gabansa. Ya ce me ke nan. Na ce a nemi wani. Babu wanda ya tsige ni, kuma babu asirin da aka rufa mini. Ranar da su Bitrus za su tafi mahaifiyarku ta raka Saratu har bakin titi, ta dawo ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ni ko rakiyar ban iya ba. Daga baya sauran 'yan wutsiya uku suka sayar, ni kaɗai na toge. Rani na gaba aka yashe magudana tsaf har ƙarshe, ruwa ya zo yana gudu har yana ambaliya, domin wutsiyar ta zama ta Alhaji.

Ruwan da kuke shayar da gonata da shi yau ke nan. Ku sani in kuna buɗewa.

Ita kuma Sa'adatu, in an sake kiranta jikar ɓarawo, kada ta yi kuka, kada kuma ta tsaya musu. Ta ce kakanta bai ɗauki kwabon kowa ba, hannu ya ɗaga aka ɗauke tuwon maƙwabcinsa. Sannan ta ce su je gida su tambayi nasu kakannin inda hannunsu yake a ranar.